Darasi na 9: Bin Sawun Matsalar Wuta a Hitar Mota Lokacin Hunturu

Manufar darasi

Idan aka kammala wannan darasi, ana sa ran ɗalibi zai iya:

1. bayyana hanyar da wuta ke bi daga batir zuwa hita;
2. rarrabe matsalar wuta da matsalar ruwan inji;
3. auna batir, fis, rila da wayar bodi;
4. faɗin haɗarin da ke tattare da gyaran ganganci.

Gabatarwa

Da zafi aka san Sakkwato. A watan Afrilu ma'aunin zafi kan haura digiri 40, don haka hankalin mai mota a garin nan yana kan esi. Kusan wata tara babu mai taɓa makunnin hita. Sai iskar hunturu ta taso daga Sahara a ƙarshen Nuwamba, ta kankama a Disamba da Janairu, sanyin asuba ya sauko kusan digiri 15 ko ƙasa da haka, sannan ake tunawa da ita.

Ku ɗauki direban da ya yi lodi a Babbar Tasha bayan sallar asuba, zai nufi Illela ko Gusau. An rufe tagogi saboda ɗari, numfashin fasinja ya sa gilashin gaba ya yi raɓa daga ciki, a waje kuma ga hazo. Iska mai ɗumi da hita ke hurawa kan gilashi ita ce za ta buɗe masa hanya. Idan ya murɗa makunni ya ji shiru, sai ya koma goge gilashi da hannun riga, yana tuƙi da hannu ɗaya. Saboda haka gyaran hita yana cikin aikin kiyaye rayuka a kan titi.

Ƙa'idar wannan darasi guda ɗaya ce: a auna kafin a canza. Rewaya na ƙwarai ba ya cewa a sayo sabon kaya sai mita ta nuna masa inda wuta ta tsaya.

Hita iri uku

Abubuwa uku ne masu mota ke kira hita, kuma wajibi ne ku san wadda ake nufi kafin ku ɗauki sufana.

Ta farko ita ce mai ɗumama cikin mota. Zafinta daga inji yake zuwa. Tiyo biyu ne ke kai ruwan inji mai zafi zuwa wani ƙaramin lagireto da ke ɓoye a bayan dashbod, su dawo da shi. Fankar da ake kira bulowa ita ke hura iska ta cikinsa. Wuta a nan bulowa kawai take juyawa, ba ita ke samar da zafin ba.

Ta biyu ita ce hitar injin dizal, wato ƙananan sanduna da ake ɗaurewa a kan inji, su yi ja kafin a tayar da mota.

Ta uku ita ce hitar kwana. A Turai akwai motoci masu gado da wurin girki da mutane ke yawon buɗe ido a cikinsu, kuma da irin wannan hita suke ɗumama ɗaki ba tare da inji na aiki ba. Kamfanonin Jamus biyu, Webasto da Eberspächer, sun yi suna wajen ƙera ta. A nan ƙasar an fi cin karo da ita a kan tireloli irin su DAF da MAN da aka shigo da su daga Turai, masu gado a bayan kujerar direba. Dizal take ƙonawa a cikin ɗan rufaffen tukunyarta, amma ba ta tashi sai da wutar batir.

Yadda wuta ke tafiya

Wanda ya taɓa ban-ruwa a fadamar Kwalkwalawa zai gane wannan da sauri. Ƙarfin da injin ban-ruwa ke tura ruwa da shi, shi ne bolt, wanda ake rubutawa da harafin V a jikin mita. Yawan ruwan da ke wucewa cikin tiyo shi ne amfiya, mai harafin A. Duk inda tiyo ya matse ko ya toshe, ruwa ya ragu, wannan cikas shi ake aunawa da om. Bambancin kawai shi ne, ita wuta dole ta koma inda ta fito, in ba haka ba ba ta aiki.

A mota, wuta na fita daga kan batir mai alamar +, ta bi ta fis, ta wuce rila, makunni da rasista, ta shiga bulowa. Daga nan ta koma kan batir mai alamar − ta cikin ƙarfen jikin mota, abin da masu sana'a ke kira bodi. Jerin kan ɗan bambanta: a yawancin motocin Toyota rasista na bayan bulowa, ta ɓangaren bodi, a wasu motocin kuma tana gabanta. Ko yaya aka jera su, zagaye ɗaya ne, kuma duk inda ya yanke aiki ya tsaya.

Ku riƙe wannan lissafi: wat daidai yake da bolt sau amfiya. Bulowa mai wat 180 a motar bolt 12 tana jan amfiya 15. Wuta ce mai yawa, shi ya sa ɗan tsatsa a mahaɗa ɗaya ke isa ya rage mata gudu.

Kayan aiki da kariya

Za ku buƙaci mitar awon wuta, fitilar gwaji, waya mai fis a tsakiyarta, sufana mai lamba 10, samfefa, giris da salatif.

Kafin ku kwance wata waya, ku kashe mota, ku cire kan batir mai alamar − tukuna. Idan za a mayar, shi ne na ƙarshe. Dalili kuwa, idan kun fara da mai alamar +, sufana ta taɓa jikin mota, tartsatsin da zai tashi na iya ƙona hannu. Ku cire zobe da agogon ƙarfe. Batir na fitar da iska mai kama wuta lokacin caji, don haka ba a shan taba ko ƙyasta ashana kusa da shi. Kada kuma a buɗe murfin lagireto inji yana da zafi.

Mataki na 1: Tambaya da sauraro

Ku tambayi direba yaushe abin ya fara, da wanda ya taɓa motar na ƙarshe. Sannan ku tayar da inji ya ɗumama, ku kunna hita, ku sa hannu a bakin iska.

Idan iska ba ta fitowa sam, ko tana fitowa kaɗan, ko sai a lamba ɗaya, aikinku ne na wuta. Idan kuwa tana fitowa da ƙarfi amma babu ɗumi, ku buɗe bonet ku taɓa tiyo biyun nan da suka shige ta bangon da ke tsakanin inji da dashbod. A inji mai lafiya, dukansu za su yi zafi.

A nan ne ake yawan samun aikin da aka yi don gudun zafin bazara. Da an sauke motar Kwatano, wasu kanikawa kan cire tamostat, su jona fankar lagireto kai tsaye, wai motar ƙasar sanyi ce. Tamostat ƙofa ce da ke riƙe ruwa a cikin inji har sai ya kai tsakanin digiri 80 da 90 da 'yan kai, gwargwadon irin mota. Idan babu ita, kuma fanka na juyawa tun daga murɗa makulli, da asubar Janairu ruwan ba zai yi zafin kirki ba. Hita ba za ta ba da ɗumi ba, mota za ta ƙara shan mai, inji kuma ya riƙa ci da wuri. Wani lokaci kuma za ku tarar an yanke tiyo biyun an haɗe su da juna saboda ƙaramin lagireto ya taɓa yoyo. Ƙarancin ruwa a lagireto ma na jawo haka. Duk waɗannan aikin bakanike ne. Ku faɗa wa mai mota gaskiya, kada ku taɓa masa waya ko ɗaya.

Mataki na 2: Batir

Direbobi kan ce sanyi ne ya kashe musu batir. A Sakkwato yawanci zafin bazara ne ya riga ya cinye shi: ruwansa ya ƙafe, farantan dalmar ciki sun zaizaye. Da sanyin asuba aikin sinadarin batir na raguwa, baƙin mai ya ɗan yi kauri, kik na neman ƙarin wuta, ga fitilu da bulowa a kunne. A nan raunin da ya daɗe a ɓoye yake bayyana.

Ku sa mita a kan bolt, ku ɗora jan tsinke a kan +, baƙi a kan −. A yi awon bayan mota ta huta, an fi so da safe kafin a tayar da ita.

- 12.6: batir a cike yake.
- 12.4: ya ɗan sauka.
- 12.2: saura kusan rabi.
- 12.0 ko ƙasa: yana bukatar caji nan take.

Wannan awo bai isa ba, domin mataccen batir ma kan nuna 12.5 idan ba a ɗora masa kaya ba. Ku sa wani ya yi kik kuna kallon mita. Idan ta faɗi ƙasa da 9.6, batir ya gaji. Bayan inji ya tashi, ya kamata ku ga tsakanin 13.8 da 14.5. Idan ta tsaya a 12 da ɗoriya, altaneta ba ta caji, ko fambel ya saki.

Sai ku dubi kawunan batir da kyau. Za ku ga wani gari fari ko kore-kore ya taru a gindinsu, ƙurar hunturu ta manne a kai ta zama dunƙule. Wani lokaci an cusa ƙusa ko guntun gwangwani don kan ya kama. Ku cire, ku wanke da ruwan ɗumi da aka jiƙa 'yar kanwa a ciki, domin kanwa na kashe kaifin asid. Za ku ga yana kumfa. Kada ruwan ya shiga cikin ramukan batir. Ku goge da samfefa har dalma ta yi haske, ku ɗaure tam, sannan ku shafa giris a sama. Idan batir mai murfi ne kuma ruwansa ya sauka, tataccen ruwan batir ake ƙarawa, ba na rijiya ko na leda ba.

Mataki na 3: Fis

Fis ɗan siririn ƙarfe ne da aka yi shi don ya narke kafin waya ta ƙone. A murfin akwatin fis akwai zanen da ke nuna na bulowa. Launinsa na faɗin ƙarfinsa: ja amfiya 10, shuɗi 15, rawaya 20, kore 30. Na bulowa kan kasance babba, daga 20 zuwa 50, kuma manyan sukan zauna a akwatin da ke ƙarƙashin bonet.

Ba sai kun cire shi ba. A bayan fis akwai ƙananan ƙarafa biyu a fili. Ku maƙala fitilar gwaji a bodi, ku buɗe makulli, ku taɓa kowanne. Idan ta kama a duka biyun, fis lafiya lau. Idan ta kama a ɗaya kawai, ya ƙone. Idan ba ta kama ko ɗaya ba, wuta ba ta iso nan ba, sai ku koma baya.

Fis ba ya ƙonewa haka kawai. Idan kun sa sabo ya sake tashi nan take, akwai wayar da ta goge ta taɓa bodi, ko ɓera ya ci rigarta. Idan sai bayan 'yan mintuna yake ƙonewa, bulowa ce ta yi nauyi tana jan wuta fiye da ƙima. Kada ku taɓa naɗa zaren waya ko takardar kwalin sigari a madadin fis, kada kuma ku sa na 30 inda aka rubuta 15. Wanda ya yi haka ya mayar da wayoyin bayan dashbod su ne fis, kuma daga nan gobarar mota ke tashi.

Mataki na 4: Rila

Rila makunni ce da ƙaramar wuta ke kunnawa domin babbar wuta ta wuce. A ƙasan yawancinsu za ku ga lambobi huɗu. Ƙafa ta 85 da ta 86 su ne na naɗin waya da ke jawo ƙarfe, 30 ita ke karɓar wuta daga batir, 87 ke fitar da ita.

Ku ɗora yatsa a kanta wani ya kunna hita. Ya kamata ku ji ƙas. Jin ƙarar bai tabbatar da lafiyarta ba, domin bakin ƙarfen ciki kan ƙone ya daina wuce da wuta. Hanya mafi sauƙi ita ce ku musanya ta da wata irinta sak a akwatin, kamar ta ham. Idan bulowa ta tashi, kun gano mai laifi. Da mita kuwa, tsakanin 85 da 86 ana samun om 50 zuwa 120.

Mataki na 5: Rasista da bulowa

Rasista ce ke rage wa bulowa gudu a lamba 1, 2 da 3. A lamba ta ƙarshe wuta na tsallake ta. Don haka idan direba ya ce hitarsa ba ta aiki sai ya kai ta ƙarshe, rasista ce ta ƙone ko soket ɗinta ya narke.

Ana dasa ta a cikin hanyar iska ne domin iskar ta riƙa sanyaya ta. A motocin da ke da matatar iska, galibi a bayan akwatin da ke gaban kujerar mai zaman gaba, ƙurar hunturu kan toshe matatar har ta koma kamar an shafe ta da laka. Iska ta ragu, rasista ta yi zafi ta ƙone. Wanda ya canza rasista bai zaro matatar ya duba ba, zai sake ganin motar nan ba da daɗewa ba.

Idan babu motsi a kowace lamba, ku sauka ga bulowa. Ku kunna ta, ku ɗan bubbuga jikinta da ƙotar sukudireba. Idan ta zabura ta fara juyawa, kabon ɗinta ya cinye. Ku cire soket, ku ba ta wuta daga batir da wayarku mai fis. Idan ta juya da ƙarfi, lafiyarta ƙalau, matsalar na kan hanya. Wannan gwaji ne na ɗan lokaci. Ba a barin bulowa a jone kai tsaye a sallami mota.

Mataki na 6: Wayar bodi

Wannan ita ce aka fi mantawa, ita ce kuma ta fi sa a sayi kayan da ba a bukata. Ga misali.

An kawo bas ƙirar Hiace mai jigilar Sakkwato zuwa Birnin Kebbi. Bulowa na juyawa da kyar.

"Maigida, ina kwana? Ya ɗari?" in ji direba.

"Lokacinsa ne, Malam. Me ya samu motar?"

"Bulowa ce ta mutu. A sa mini wata kawai, lodi na jirana."

Yaron shago ya cire soket ya auna, ya ce, "Oga, wuta na zuwa, ga 12.5 nan."

Maigidan ya ce, "Mayar da soket ɗin, ka kai ta lamba ta ƙarshe, ka auna tana aiki."

Da aka auna tsakanin wayoyin bulowa biyu tana juyawa, sai mita ta nuna 9. Maigidan ya ɗora baƙin tsinke a kan batir mai alamar −, ja kuma a wayar da wuta ke fita daga bulowa. Mita ta nuna 3 da ɗoriya. Suka bi wayar har inda aka ɗaure ta da noti a jikin mota, ƙarƙashin dashbod. Notin ya saki, wurin ya yi tsatsa, rigar wayar ta yi baƙi saboda zafi. Aka goge, aka ɗaure, bulowa ta ɗauki gudu.

Darasin da ke nan shi ne, mita ba ta jan wuta, don haka ko zare ɗaya ya rage a waya za ta nuna 12. Sai an ɗora kaya ake ganin inda wuta ke zubewa. A hanyar bodi, abin da ke ɓacewa bai kamata ya wuce kusan 0.2 ba. A hanyar da ta fito daga + kuwa, kada ya wuce kusan 0.5. Mahaɗar da ta yi zafi idan kun taɓa, ita ma shaida ce.

Hitar injin dizal

Injin dizal ba shi da fulogi mai tartsatsi. Matse iska yake yi har ta yi zafin da mai zai kama. Da sanyi ƙarfen inji na shanye wannan zafi, shi ya sa ake bukatar sandunan hita. Idan sun mutu, mota za ta daɗe tana kik, in ta tashi ta yi farin hayaƙi tana karkarwa.

Ku fara da ganin ko wuta na isa ga ƙarfen da ya haɗe kawunansu a daƙiƙun farko bayan buɗe makulli. Idan babu, ku duba fis da rila. Idan akwai, ku cire ƙarfen, ku auna kowace sanda tsakanin kanta da jikin inji. Mai lafiya kan nuna om 1 ko kusa da haka. Wadda mita ba ta motsa mata ba, ta mutu. Wasu sandunan motocin zamani na bolt 5 ne ko 7, idan aka ba su 12 kai tsaye nan take za su ƙone.

Ku hana direba riƙe kik fiye da daƙiƙa 15, ya kuma huta kafin ya sake. Ku hana shi zuba fetur ko kanga tsumma mai wuta a bakin iskar inji.

Hitar kwana a tirela

Direban da ya kwana a layin lodin siminti a Kalambaina, ko ya yada zango a Kwannawa, shi ya san amfanin wannan hita. Tana da tsarin tashi da kunne ke iya bi. Da farko fanka ta juya a hankali. Sandar kunnawa ta yi ja. Sai ƙaramin famfon mai ya fara ƙas, ƙas, ƙas. Wuta ta kama, ƙarar ta ƙaru, sandar ta mutu.

A mintunan farkon nan ne take jan wuta sosai. Bayan ta kama, abin da take ci kaɗan ne. Tana kuma da kariyar da ke kashe ta idan wuta ta sauka zuwa kusan bolt 21 a tirela, ko 10.5 a ƙaramar mota, don a bar abin tayar da inji. Saboda haka idan fanka ta juya ta tsaya kafin famfo ya yi ƙara, ku auna wuta a soket ɗin hitar a daidai lokacin da take ƙoƙarin tashi. Idan tana tashi lokacin da inji ke aiki, ta ƙi idan an kashe shi, batir ne ko waya.

Tirela batir biyu take amfani da su a jere, su ba da bolt 24. A cike za su nuna 25 da 'yan kai. Ku auna kowanne shi kaɗai. Sau da yawa za ku tarar an jawo waya daga guda ɗaya don rediyo ko cajin wayar hannu. Wannan na sa ɗaya ya riƙa sauka, ɗayan kuma caji ya yi masa yawa, a ƙarshe a rasa duka biyun. Akwai na'urar da ke mayar da 24 zuwa 12, ita ya kamata a sa.

Idan famfo na ƙara amma sai farin hayaƙi ke fita, ku duba sandar kunnawa, da bututun shan iska da salansar hitar a ƙarƙashin mota, domin ƙura da gidan zanzaro kan toshe su. Fitilar makunninta kan yi ƙyaftawa a ƙirge, kowane adadi da ma'anarsa a littafin kamfani. Kada a yi ta kunnawa tana ƙi, domin wasu na kulle kansu bayan gazawa da yawa. Idan an kashe ta kuma, fanka kan ci gaba da juyawa na 'yan mintuna don ta huce. Cire kan batir a wannan lokaci na lalata ta.

Gargaɗi

Idan hita ta ƙi, wasu kan shiga da kaskon gawayi cikin kan mota su rufe gilasai, ko su bar inji na aiki su kwanta. Gawayi da salansa na fitar da iska mai guba wadda ba ta da launi, ba ta da wari. Tana kama jini fiye da iskar da muke shaƙa sau 200 da ɗoriya. Alamunta ciwon kai, jiri, tashin zuciya da barci mai nauyi, kuma mai barci ba ya farkawa ya ceci kansa. Wanda aka samu a wannan hali, a fitar da shi sarari nan da nan, a garzaya da shi asibiti ko da ya ce ya warware. Haƙƙinku ne ku faɗa wa duk direban da ya zo shagonku wannan magana.

Taƙaitawa

Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun watan Oktoba ku shawarci masu mota su kunna hita a kowace lamba, a auna batir, a wanke kawunansa, a kakkaɓe matatar iska. Idan matsala ta zo, ku fara tantance ko ta wuta ce ko ta ruwa. In ta wuta ce, ku bi ta daki-daki: batir, fis, rila, rasista, bulowa, bodi. Ku yi awo kaya na aiki. Kada ku cire kariyar da kamfani ya sa, kada kuma ku sa mutum ya kashe kuɗinsa a kan zato. Amanar da mai mota ya ba ku ta haɗa da aljihunsa da rayukan fasinjansa.

Tambayoyi

1. Bulowa na hura iska da ƙarfi amma babu ɗumi. Kawo dalilai uku.
2. Me ya sa ake fara cire kan batir mai alamar −?
3. Batir ya nuna 12.5, amma da aka yi kik ya faɗi zuwa 8. Me wannan ke nufi?
4. Bulowa mai wat 240 a motar bolt 12, amfiya nawa take ja? Fis ɗin 15 zai ɗauke ta?
5. Wace alama ke nuna rasista ta ƙone, kuma me ya kamata a duba tare da ita?
6. Mene ne illar jawo wutar bolt 12 daga batir ɗaya a tirela?

Aikin yi

Ku kasu uku-uku. Kowane rukuni ya samu mota ɗaya da izinin mai ita, a gaban malami ko maigidan shago. Ku auna batir kafin a tayar da inji, lokacin kik, da bayan inji ya tashi. Ku nemo fis da rilar bulowa, ku auna wutar da ke ɓacewa a wayar bodi bulowa na aiki. Ku rubuta lambobin a littafinku, ku zana hanyar wutar motar daga batir har ta koma batir, ku kawo a darasi na gaba.